Randar da Ba Ta Yi Tsami Ba

A ɗakin giyar babana akwai randuna goma sha ɗaya binne a ƙasa, bakunansu kaɗai ake gani. Goma na sayarwa ne da shan gida. Ta goma sha ɗaya, 'yar ƙaramar da ke lungu inda kakin kyandir ya daskare a bango, ita ce zedashe, randar alkawari, kuma ba a sayar da ko cokali ɗaya daga cikinta. Kowa a ƙauyenmu ya san haka, har wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa. Ni kuwa na fi kowa sani, don saboda ni aka binne ta.

Ina da wata bakwai ciwon haƙarƙari ya kama ni, likita a garin Telavi ya ce a koma gida a yi haƙuri. Babana Ushangi ya hau tudun bayan ƙauye, ya shiga ɗan cocin Maryam ya yi alkawari. In na tashi, duk shekara zai cika randa guda da jan inabin layi biyun nan na bayan gida, mafi kyan abin da ya mallaka, ya liƙe ta, ba zai buɗe ba sai ranar Maryam a ƙarshen Agusta, ya kai tudun a sha da sunanta. Na kuwa tashi. Goggo Lamara, yayar babana da ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata, ta ba ni labarin nan ya fi sau ɗari, har ta kai in ta fara sai in bar mata ɗakin. Shekara talatin da uku Baba bai taɓa fashi ba.

Ni ce na sa ya yi fashi, kuma ga yadda aka yi.

Shekara takwas na yi a Tbilisi, babban birninmu, a kamfanin talla, ina ƙirƙiro wa man goge baki da sabulun wanki kalmomi masu daɗi. Da na dawo gida, abin da ya fara ɓata mini rai jarka ce. Mutum zai tsayar da mota a ƙofar gidanmu, ya fito da jarkar roba wadda Allah kaɗai ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki, babana ya cika masa a kan lari biyar, kuɗin ƙasarmu, duk lita, ya yi masa gyara, ya kuma zaunar da shi ya ci burodi da cuku. A Tbilisi kuwa na sha giyar da ba ta kama ƙafar tamu ba a kan lari tamanin kwalba, don kawai an zana mata tsuntsu a jiki. Na ce wa Baba wannan ba kirki ba ne, asara ce tsagwaronta. Ya ce shi dai inabin bai taɓa kawo masa ƙara ba. Muka yi ta ja har wata uku, sannan ya gaji da bakina ya ce in ɗauki randa biyu in yi yadda na ga dama, amma kada in kuskura in sa hotonsa a jikin kwalba kamar wanda ya ɓata ake cigiya.

Sai na gayyato Archil, tsohon abokin aikina, mutumin da ke ɗaura ƙyalle a wuya ko ana tsakiyar zafi. Sana'arsa ke nan yanzu, bin gidajen giya yana gaya wa mutane nawa za su sayar da abin da kakanninsu suka koya musu. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce giya ta yi. Amma a baje kolin da za a yi a Telavi cikin Mayu, masu giyar da ta yi za su kai saba'in. Ya ce kwalbar lari ashirin da biyar ba ta sayar da kanta, sai an ajiye wata ta ɗari da hamsin a gefenta, sannan mai saye zai ga ta ashirin da biyar kamar kyauta ake ba shi. Mai tsadar kuma ba daɗi ake saye a cikinta ba, labari ake saye. Yana cikin wannan zuba ne idonsa ya kai lungu, ya tambayi ta mece ce waccan mai kyandir.

Na gaya masa, irin yadda ake ba baƙo labarin ƙauyanci don a ba shi dariya. Bai yi dariyar ba.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce," na ce.

"Shi ya sa za ta sayu," in ji shi.

Na so in ɗora wa Archil laifin, wallahi na so, amma ba ya ɗoruwa. Magana ɗaya ya yi ya shiga motarsa ya kama gabansa. Ni ce na riƙe ta ina juyawa har mako uku.

Cikin Afrilu aka kwantar da Baba a asibiti kwana uku don a cire masa yanar ido, Goggo ta tafi jinya, gida ya zama nawa ni kaɗai. Da hantsi na shiga ɗakin giya na rufo ƙofa. Hujjoji kuwa na tara su kamar lauya. Randar tana cin lita casa'in, abin da ake sha a tudun bai kai rabi ba. Zan ɗebi rabi, in cike gurbin da jar giyar randa ta uku, ai inabin ƙasa ɗaya ne, hannu ɗaya ne ya matse su. Kuɗin kuma ba aljihuna zai shiga ba, rufin ɗakin nan da ke yoyo za a gyara. Har na ce a raina Maryam ai ba shan giya take yi ba. Kun ji irin tunanin da mutum ke yi in ya riga ya yanke shawara.

Baba yana rufe bakin randa da faifan dutse, ya liƙe da yumɓu. In ya gama da zedashe sai ya danna babban yatsansa sau huɗu a jikin yumɓun tun yana ɗanye: sama, ƙasa, dama, hagu. Na sa wuƙa na fasa. Ƙamshin da ya taso sai da ya sa na ja baya na zauna a ƙasa. A tudun koyaushe cikin hayaniya da hayaƙin tsire nake shanta, ban taɓa tsayawa na ji ta ba. Ranar na ji, kuma maimakon in ji tsoro, abin da ya zo mini shi ne lari ɗari da hamsin ya yi mata kaɗan. Na zura tiyo na cika kwalba sittin, na cike randar da giyar sayarwa, na kwaɓa sabon yumɓu na liƙe, na danna yatsana sau huɗu. Har kyandir na kunna kafin in fita, don rashin kunya.

Na sa wa kwalaben sittin suna Alkawari, da harafin zinariya a kan baƙar takarda. Labarin ban rubuta ba, don na san 'yan ƙauyenmu ma suna karatu, da baki zan riƙa bayarwa. Amma a bayan kowace kwalba, mai tsada da mai araha, na sa an buga layi ɗaya wanda na fi alfahari da shi a duk aikina na talla: Ushangi, shekara hamsin yana liƙe randa, ko ɗaya ba ta taɓa yi masa tsami ba. Takarda dubu biyu na bugo. Kuma gaskiya ce. A wurinmu duk wanda randarsa ta taɓa juyewa ta zama ruwan tsami, to da wannan za a riƙa tsokanarsa har a bakin kabarinsa. Maƙwabcinmu Ramaz, abokin babana tun aji ɗaya kuma abokin gasarsa, randa biyu suka lalace masa tun ban shiga makaranta ba, amma har yau in ya shigo taro sai wani ya tambaye shi ko ya zo da abin zuba wa ganye. Babana kaɗai ne a layinmu ba a da abin faɗa a kansa.

Ranar baje koli an jera rumfuna a filin gari, ana kiɗa, ana gasa nama a kan itacen inabi, 'yan Tbilisi da baƙi daga waje suna yawo da kofi rataye a wuya. Baba bai je ba, an hana shi shiga rana saboda idon. Abin da Archil ya faɗa kuwa haka ya faru. Mutum zai kalli baƙar kwalba ya ga ɗari da hamsin, ya ɗaga gira, sannan ya sayi uku na ashirin da biyar yana jin ya yi wayo. Wanda ya tsaya tambaya sai in rage murya in ba shi labarin wata jaririya da wani uba da wani tudu. Ban ce ni ce jaririyar ba sai ga wadda na ga alamar za ta sayi da yawa, wata mai gidan abinci a Tbilisi. Idonta ya ciko da ƙwalla, ta riƙe hannuna, ta ɗauki arba'in.

Wajen azahar na hango Ramaz yana tahowa da hularsa a karkace. Shekara talatin da uku yana shan zedashen babana a tudun, kurɓi ɗaya zai yi ya gane. Na yi maza na tura buɗaɗɗiyar kwalbar ƙarƙashin teburi. Ya ɗauki wata ya nisanta ta da idonsa, ya karanta farashin, ya tambaye ni ko da rago ake haɗawa, ko kuwa kwalbar ce ke kai mutum gida ta kwantar da shi. Ya ce wane alkawari ne wannan kuma. Na ce alkawarin inganci ne, Baffa Ramaz, haka ake rubutawa yanzu. Ya miƙo kofinsa. Na ce ta ɗanɗanawar ta ƙare, na cika masa da mai araha har tana zuba. Ya juya kwalbar ya karanta layin baya da ƙarfi, kalma kalma, har mutanen rumfar kusa suka juyo.

"Wannan dai ba ƙarya kika rubuta ba, 'yar Ushangi," ya ce. "Shekara hamsin ina jiran tsohon nan ya ɓata randa ko ɗaya, ya ƙi."

Kafin la'asar babu sauran baƙar kwalba ko ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. A hanyar gida waƙa nake yi a mota.

Baba ya saurari yadda aka yi yana zaune a inuwa da baƙin tabarau. Da ya ji ɗari da hamsin ya ce na yi wa bayin Allah fashi da rana tsaka, amma bakinsa yana motsi irin na mai ɓoye murmushi. Ya tambayi daga wace randa ce. Na ce ta uku daga ƙofa. Ya gyaɗa kai ya ce ita ma ta yi kyau bana, ya so a ce na rage masa ya ji yadda giyarsa take in ta yi tsada. Daga nan ya sa Goggo ta karanta masa layin bayan kwalba, ya ce ta maimaita, sannan ya tashi ya ɗora kwalba guda a saman kabad ɗin falo, bayanta yana kallon ƙofa. Mutumin da ya ce kada a sa hotonsa. A ranar ne abin ya fara ci na.

Aka gyara rufi cikin Yuni. Ni kuwa duk lokacin da na shiga ɗakin giya ba na iya kallon lungu. In Goggo ta fara lissafin abin da za a dafa ranar Maryam, sai in ji abinci ya fita raina. Na riƙa lallashin kaina cewa rabi da rabi ne, wata huɗu sun isa su haɗu su zama abu ɗaya. Amma na san wane ne babana. Mutumin da ke kurɓar giyar biki ya gaya maka daga wane gefen kogi aka tsinko inabin.

Ƙarshen Yuli na kasa haƙuri, na ce ina da aiki a Tbilisi, na tafi gidan abincin matar nan. Ba ta nan. A takardar abincinsu Alkawari tana kan lari ɗari uku da tamanin. Ma'aikacin da ya zo teburina, dogo mai farar riga, ya sunkuyo ya ce, kalbatono, wato ranki ya daɗe, wannan ba giya ba ce kawai, labari ce. Ya kuwa ba ni labarina. A bakinsa jaririyar har ta mutu an lulluɓe ta, uban ya hau tudun da gwiwa cikin ƙanƙara. Na zauna ina gyaɗa kai kamar sakarya, kunnuwana suna zafi. Tara suka rage, ya ce huɗu kawai zai iya sayar mini in fita da su. Na biya ba tare da na nemi ragi ba, a wurin wa zan nema, ni na koya musu. Na naɗe su da tsohon bargo na ɓoye a bayan mota. Dabarata ita ce ranar idin Maryam in ce wa Baba ya huta, ni zan cika tulun farko da ake kaiwa a sa wa albarka, in juye kwalaben nan a ciki. Ko ba komai abin da zai fara shiga cocin ya zama na gaskiya.

Safiyar ranar Maryam Goggo tana ta fama da burodi a tanda, rago yana ɗaure a gindin bishiya yana kuka. Na ce wa Baba durƙuso ba ya yi masa kyau, ya bar mini randar. Ya kalle ni kamar na ce ya ba ni aron haƙoransa, ya ɗauki kyandir da dogon ludayinsa na duma ya shige. Na bi shi.

Ya kunna kyandir ya manna a bango, ya yi addu'arsa a hankali, ya durƙusa. Idon da kafin aiki ba ya bambance kaza da agwagwa a tsakar gida, yanzu allura yake gani a ƙasa. Ya daɗe yana kallon yumɓun. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan ramin sama. Yatsan ya rufe ramin ruf, har da saura ta kowane gefe. Ya gwada na ƙasa, ya gwada na dama. Bai juyo ba. Ya fasa yumɓun, ya ɗaga dutsen, ya zura ludayi ya ɗebo, ya sansana, ya kurɓa ya riƙe a baki. Da ya haɗiye sai ya ce, a hankali, kamar mai magana da randar, ta uku daga ƙofa.

Ban san sanda na fara magana ba. Na faɗi komai, kwalba sittin, tiyo, baje koli, matar da ta yi ƙwalla. Na kawo maganar rufi, na ji yadda ta fito daga bakina, na bar ta. Na ruga mota na kwaso kwalaben huɗu na jera a gabansa, na ce waɗannan ita ce zalla, ba a gauraya ba, sun isa tulun farko. Ya ɗauki guda ya karanta sunan zinariyar da sabon idonsa. Ya tambayi nawa na sayo su, na faɗa.

"To ki sha abinki, Tsisana, kin biya," ya ce. "Abin da aka rataya wa farashi ba ya hawa tudun nan."

Na ce to a kai wadda ke cikin randar, ai rabinta zedashe ce, ba wanda zai tsaya bincike bayan kofi na biyu. A nan ne kaɗai ya ɗago ya kalle ni, kuma da ma ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Mutane zan iya yi musu ƙarya, su ma suna yi mini. Maryam kuwa ba zan kai mata gauraye in ce ga alkawarina ba."

Ya mai da dutsen, ya hure kyandir, ya ɗauki tulun ba komai a ciki ya fita. Goggo ta ga tulun yana lilo a hannunsa ba nauyi, ta kalle shi, ta kalle ni, ta ci gaba da naɗe burodi a ƙyalle.

A tudun an taru kamar kowace shekara, gida goma sha biyu, mutum wajen arba'in. An yanka raguna, an shimfiɗa ledoji a ƙarƙashin itatuwa, kowane mai gida ya jera tulunsa a gindin bangon coci don limamin ya sa albarka. Daga nan sai a bi tulu tulu ana ɗanɗanawa ana tsiya, wannan ta yi ruwa, waccan ta ji rana. Na babana ake bari ƙarshe, don bayanta ba a jin daɗin ta kowa. Na tsaya a cikin mata ina yanka tumatir, ina yanka wanda na riga na yanka.

Ramaz ne ya ɗaga tulun ya ji shi sakayau. Ya girgiza, ya leƙa ciki, ya tambayi ko Ushangi ya shanye a hanya ne. Aka yi dariya. Na ajiye wuƙa. Na rantse na yi niyyar magana, har na buɗe baki. Baba ya riga ni.

"Ta yi tsami," ya ce. "Ban liƙe da kyau ba, iska ta shiga. Tsufa ne."

Sai wurin ya ɓarke da dariya. Ba mugunta ba ce, abin da suka shekara hamsin suna jira ne ya faɗo musu a ranar idi. Wani ya ce a buga ƙararrawar coci. Wani ya ce a aiko masa da lita biyar matarsa za ta jiƙa kokwamba. Wani ƙanen limamin, wanda ya sayi kwalbata a Telavi, ya miƙe ya dafa ƙirji ya rero layin nan nawa daga farko har ƙarshe, ko ɗaya ba ta taɓa yi masa tsami ba, aka sake kwashewa. Babana yana tsaye a tsakiya da hularsa a hannu yana murmushi, yana gyaɗa kai, yana karɓa. Wuyansa ya yi ja har cikin riga. Ni kuwa ina nan tsaye da ruwan tumatir a hannu, ban fito da maganar ba. Na ce a raina in na yi magana yanzu na tona ƙaryarsa a gaban mutane. Wannan ma hujja ce irin ta watan Afrilu, na sani. Tsoro ne kawai da son kai.

Ramaz ya fi kowa dariya da farko, har yana share ido. Sai na ga dariyar tana raguwa. Ya kalli babana, ya juyo ya neme ni a cikin mata har ya same ni, ya daɗe yana kallona. Na san yana tuna kofin da ya miƙo aka ce ta ƙare. Ya ɗauki tulunsa ya tsiyaya rabi a cikin na babana, ya ce mai ruwan tsami ai ba ya ƙin ɗan'uwansa, barka da shigowa ƙungiya.

Da giyar aro babana ya yi abin da yake yi duk shekara. Ya cika ƙahon shan giya, ya juya wajen ƙofar cocin ya gode wa Maryam da ta bar masa 'yarsa, ya roƙa mini lafiya da tsawon rai, ya ce ta yafe masa bana ya zo hannu wofi. Mutum arba'in suka ɗaga kofi suka kira sunana. Dole na ɗaga nawa na sha. Ban taɓa sanin ana iya jin kunya har a cikin haƙora ba sai ranar.

Labari bai kwana ba. Kafin mako ya zagayo, mutumin da ya saba sayen giyar bukukuwan danginsa a wurinmu ya tsayar da motarsa a ƙofar Ramaz, muna gani ta taga. Baba ya bar tagar ya koma kan aikinsa. Bai kuma sake ta da maganar ba, ko da ni ko da Goggo. Giyar randar ya juye ta a jarkoki ya raba wa masu aikin hanya kyauta, ya wanke randar da kansa, ruwa bakwai. Kwalaben huɗu suna nan inda na jera su, ba wanda ya taɓa.

Ranar da zan fara liƙa takardu a sababbin kwalabe, ya shigo ya tsaya a kaina. Kwalbar saman kabad ce a hannunsa. Ya ajiye ta a teburin, bayanta yana kallona, ya sa yatsa a kan layin ya ce in cire wannan daga yau.

"Baba, amma gaskiya ce. Randarka ba ta yi tsami ba."

"A gaban mutum arba'in na ce ta yi. So kike ki mai da ni maƙaryaci?"

Ya fita bayan gida wajen layi biyun nan, saura mako uku a tsinke su, yana bi yana ɗaga ganye yana duba nunarsu. Takarda dubu da ɗari huɗu suka rage a kwali. Na nemo baƙin alƙalami mai kauri, na jawo kujera na zauna, na ja layi a kan ta farko. Tawadar ba ta rufe ba, sunansa yana leƙowa ta ƙarƙashi, sai da na maimaita sau biyu.